Shirin Janairu, Marka Ce Ke Gwada Shi

 

Yanzu lokacin rubuta shiri ne. Wani ya sayi sabon littafi, wata ta buɗe wayarta, kowa yana jera abin da yake so ya cim ma kafin Disamba ta sake zagayowa. Wannan zai karanta Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. Waccan za ta koyi ɗinki. Wani zai sayi babur, wani kuma ya ce bana sai ya kai sadaki. Duk abubuwa ne masu kyau, ba mu raina ko ɗaya ba. Amma shekarun da muka yi muna riƙe da gida sun koya mana cewa alkawari ba shi da wuyar ɗauka a watan Janairu. Ko da Kirsimeti ta ƙwaƙule aljihu, hatsi yana nan a ɗaki, tuwo yana sauka dare da rana. Ranar gwaji tana can gaba, a watan Agusta, cikin marka, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuwa bai bushe ba. Shi ya sa mu a gidanmu, in za mu tsara shekara, daga Agusta muke soma lissafi, mu yi ta ja da baya har mu iso ranar da muke zaune.

Kowane gida yana da kalanda biyu. Akwai ta bango, mai wata 12 da jajayen ranakun hutu. Akwai kuma wadda iyayenmu suka bar mana, wadda ba a buga a takarda ba: hunturu, bazara, damina, kaka. Da ta bango muke sa ranar taro da ranar biki. Amma tukunya da ɗakin ajiya da lafiyar yara, kalandar iyayenmu suke bi, ko a ƙauye muke ko a birni. Bari mu bi ta ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da kowane lokaci yake nema daga gida.

Hunturu shi ne wanda muke ciki. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana tasowa daga Sahara da ƙurarta. Leɓe ya tsattsage, diddigen yara ya yi faso, man kaɗanya ya zama abin da ake ɓoyewa don kada ya ƙare. Mura da tari su zagaya ɗaki ɗaki. 'Yan'uwanmu na Jos da Bukuru da Pankshin sun san irin shawarar da mutum yake yi da kansa kafin wankan asuba. Lokacin gobara ne kuma, gama ciyawa da jinka sun bushe ƙamas. Mu ja kunnen juna a kan garwashin gawayi a ɗaki rufaffe: yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, mutum ya kwanta neman ɗumi ya wuce cikin barci. A cikin wannan sanyin ne kuɗin makaranta na zango na biyu yake ƙwanƙwasa ƙofa, masu shirin shiga jami'a kuma suna neman kuɗin rajistar JAMB.

Daga nan sai bazara, Maris da Afrilu. Rijiya ta ja baya, mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka, dare ya gagari barci a ɗaki. A wannan zafin ne sanƙarau ya fi yaɗuwa, musamman inda mutane suka cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ista ma a nan take faɗowa, domin ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ga manomi, bazara ba hutu ba ce. A ciki ake sharar gona, a kai taki, a nemi iri, a tanadi kuɗin takin zamani. A ciki kuma ake hawa rufi a toshe inda ya huje. Wanda bai hau rufinsa a Maris ba, zai jera bokitai a tsakar ɗaki a Yuni.

Sai damina. A Filato da kudancin Kaduna ruwa kan sauka tun Afrilu, na Kano da Katsina da Sakkwato kuwa sai su jira ƙarshen Mayu ko Yuni. Babu ƙamshin da ya kai na ƙasa a ranar ruwan farko. Yara su fita tsakar gida suna tsalle, manya su tsaya bakin ƙofa suna godiya. Amma daga ranar nan kuɗi ba ya sake zama. Shuka, noman fari, maimai, huɗa, kowanne da ladan 'yan ƙwadago ko kuɗin maganin feshi. Ɗaliban ajin ƙarshe suna fama da WAEC da NECO. Sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da wannan yau, gobe wancan. Inda ruwan sha ya gurɓata, amai da gudawa su ɓulla. Can tsakiyar damina sai marka ta kama. Sama ta rufe kwana da kwanaki, itace ya jiƙe, wanki ya ƙi bushewa, hanyar kasuwa ta caɓe, mudun masara kuwa ya kai ƙarshen tsadarsa. Gaskiya ne masarar gashi ta fito, mutanen Bokkos da Mangu kuma suna haƙar dankali, amma masarar gashi ba ta tuwo. Kafin mutum ya numfasa, Satumba ta iso da sabuwar shekarar karatu: kuɗin makaranta, sabbin kayan makaranta, littattafai, takalmi.

A ƙarshe kaka ta zo, Oktoba da Nuwamba, da dariyarta. Tsakar gida ta cika da shanya. A yi girbi, a yi sussuka, a yi sheƙa, a ɗinke buhu. Ikkilisiya ta yi bikin godiya, gaban bagadi ya cika da doya da dawa da gyaɗa da kaji.

In kun lura, a gidan manomi abinci sau ɗaya yake shigowa da yawa, amma fitarsa kullum ce. Kuma mafi ƙuncin hanya ita ce tsakanin Yuli da Satumba, inda yunwa da zazzaɓi da kuɗin makaranta suke haɗuwa wuri ɗaya. Duk shirin da bai yi tanadin wannan mararraba ba, a can zai karye.

Ga yadda muke yi. Ba ma jiran Janairu. Da zarar an gama ɗinke buhuna, sai mu sa rana, bayan tuwon dare, mu shimfiɗa tabarma, da mu da yara duka. A zaman nan Mama ce shugaba, gama mudu a hannunta yake, ita ta san abin da tukunya take ci. Mu takwas ne a gida in an haɗa da 'ya'yan 'yan'uwa da ke karatu a wurinmu. Buhun masara ɗaya yana kai mu mako biyar. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da sabuwar masara za ta soma bushewa, wata 11 ke nan, kusan mako 48. Yara su yi lissafi a bayan tsohon littafi: buhu 10. Kafin mu ƙirga waɗannan, mun riga mun fitar da zakkar Ubangiji. Bayansu kuma mu ware buhu ɗaya, wanda za mu yi maganarsa nan gaba. Abin da ya rage bayan wannan, shi ne kaɗai muke kira namu na sayarwa.

Cikin goman nan, Mama takan ɗaure bakin buhu biyu da jan ƙyalle, a kai su can ƙuryar ɗaki. Wata shekara autarmu ta tambaya, “Mama, waɗannan na wane ne?” Ta ce, “Na Agusta ne. Baƙo ne da ba ya fasa zuwa, kuma ba ya zuwa da guzuri.” Tun daga ranar yaran suke kiransu buhunan baƙo. Ko farashi ya yi kyau yaya, ko buƙata ta matsa yaya, ba a kwance jan ƙyallen nan sai marka ta kama.

Ajiya ma sana'a ce, sai da kula. Masarar da ba ta bushe sarai ba, in aka ɗinke ta, za ta yi fumfuna, fumfunar nan kuwa guba ce ga hanta. Tsofaffi kan gwada ƙwaya da haƙori: in ta fashe ƙas, ta bushe, in ta lotsa, a mayar da ita rana. Buhu ba ya kwana a kan siminti ko ya jingina da bango, sai a kan katako. Wake, wanda ƙwari suka fi so, muna zuba shi a buhun nan da ake kira PICS, mai leda biyu a ciki, wanda masana na Jami'ar Purdue a Amurka suka ƙirƙiro. In an ɗaure kowace leda tam, iska ta ƙare wa ƙwarin, su mutu, ba sai an zuba magani a abincin da yara za su ci ba.

Babban abin da ke cinye buhunan Agusta ba ƙwari ba ne, Disamba ce. Kowa ya san yadda take tafiya. A kaka kowa yana kai hatsi kasuwa lokaci ɗaya, saboda haka farashi yakan faɗi. A lokacin ne kuma ake son sabon ɗinki, da shinkafa, da akuya, da kuɗin motar zuwa gida, da gudummawar aure uku ko huɗu. Sai mutum ya kwashe hatsinsa ya sayar da araha. Mai kuɗi ya saya ya jibge a sito. Wata bakwai bayan haka, manomin nan ya koma kasuwa da mudu a hannu, yana sayen irin masarar da ya noma da guminsa, da tsada, wani lokaci ma bashi. Ba muna cewa kada a yi murnar haihuwar Mai Ceto ba ne. A ci, a sha, a yi wa yara ɗinki, a kai wa maƙwabta abinci kamar yadda muka saba. Amma a yi bikin daga abin da ya rage bayan lissafi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mun san abin da wasunku za su ce, domin ɗalibanmu a makarantar tauhidi ma sukan faɗa. Wani ya taɓa ɗaga hannu a aji ya ce, “Malam, ashe Ubangiji bai hana mu damuwa da gobe ba? Wannan ƙirge-ƙirgen buhu ba rashin bangaskiya ba ne?” Tambaya ce mai kyau. A Matiyu sura 6 Yesu ya hana mu alhini a kan ci da sha da sutura. A Luka sura 12 kuma ya ba da misalin mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura rushe rumbunansa don ya gina manya, aka kuwa karɓi ransa a daren. Amma Littafin nan ɗaya ne ya ba mu labarin Yusufu a Farawa sura 41. Yana da shekara 30, tsaran wasunku, ya ba Fir'auna shawara a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekaru bakwai na ƙoshi, saboda shekaru bakwai na yunwa da ke tafe. Dukansu biyu sun cika rumbu. Me ya raba su? Mai arzikin nan da ransa kaɗai ya yi shawara, ba Allah a lissafinsa, ba maƙwabci. Rumbunan Yusufu kuwa an cika su ne domin a buɗe. Da yunwa ta zo, Masar ta ci, ƙasashen kewaye suka ci, har 'yan'uwan da suka sayar da shi suka ci. Alhini yana hana barci, bai kuma taɓa ƙara mudu ɗaya a buhu ba. Tanadi kuwa yana sa mutum ya kwanta da salama, ya tashi da abin da zai miƙa wa wani.

Wannan ne ya kawo mu ga buhun da muka ce an ware. Muna kiransa buhun kala. A Littafin Firistoci sura 19 an umarci Isra'ilawa kada su girbe gona har gefenta, kada kuma su koma tsintar abin da ya zuba, a bar wa matalauci da baƙo. Da irin wannan kalar ce Rut ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi a gonar Bo'aza. Mu ma mun san kala, mun ga tsofaffi da yara suna bin gonar gyaɗa bayan an cire. Abin da muka gane shi ne, in ba a ware rabon maƙwabci tun kaka ba, ranar da zai yi sallama a Agusta zuciya za ta ƙuntata, hannu ya yi nauyi. In kuwa an riga an ware, bayarwa ba ta da zafi, gama tun farko ba namu ba ne. Masu yin sallamar kuwa suna nan. Akwai gwauruwar da ke riƙe da marayu. Akwai ɗalibin da ya zo karatu da mata da yara uku, guzurinsa ya ƙare kafin zango ya ƙare. Akwai iyalan da rikici ya raba da ƙauyukansu, sun shuka amma ba su sami girba ba. Mama ba ta tambayar mai sallama ko wace majami'a yake zuwa, ko ma yana zuwa. Yunwa ba ta tambaya, mudu ma bai kamata ya tambaya ba.

Duk da haka, kada kowa ya ɗauka lissafi katanga ce da ba ta faɗuwa. Dukanmu shaidu ne. A Janairun 2020 wa ya rubuta a shirinsa cewa za a rufe makarantu watanni, a yi Ista a cikin gida? A 2022 ambaliya ta shanye gonaki a jihohi da yawa, daga Jigawa har Binuwai da Kogi. A farkon 2023, da aka sauya fasalin naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen gishiri a hannu. Ran 29 ga Mayu na shekarar aka sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin mota da na niƙa da na taki suka bi shi. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, 'yan'uwanmu na Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa. Shi ya sa Yakubu, a sura 4 ta wasiƙarsa, ya tsauta wa masu tsara tafiyar kasuwanci ta shekara guda kamar gobe a aljihunsu take. Bai hana su ciniki ba, bai hana su shiri ba. Ya ce su sa nufin Ubangiji a gaba. Kalmar nan da muke faɗa kullum, mu da maƙwabtanmu Musulmi, “in Allah ya yarda”, ta fi ƙarfin a mai da ita abin cika baki. Ma'anarta ita ce mun yi iyakar namu, mun kuma yarda Mai shekarar yana da ikon sauya ta. Mun ga shekarun da buhu 10 bai kai ba. A shekarun nan abin da ya riƙe mu shi ne alherin Allah, sau da yawa kuwa ta hannun waɗanda su ma suka ware nasu buhun kalar ya iso mana.

To, ku da ba ku da gona, ba ku da iyali tukuna, ina ruwanku da wannan? Kowa yana da kakarsa, kowa yana da markarsa. Tela da mai kitso da mai gyaran gashi, Disamba ce kakarsu, Fabrairu kuwa shago shiru. Birkila da leburansa suna samu da rani, marka ta zaunar da su. Mai koyarwa a makarantar kuɗi ya san yadda dogon hutu yake, inda wasu ba sa ganin albashi sai an koma. Mai yi wa ƙasa hidima yana karɓar alawus wata 12, na 13 babu. Kowannenku ya zauna ya tambayi kansa: wane wata ne Agustana? Nawa nake bukata in haye shi ba tare da bashi ba? In ka sami amsar, raba ta bisa watannin samu, ka riƙa cirewa tun kuɗin bai ɗumama a hannu ba. In kana adashi, roƙi a sa kwasarka ta faɗo kusa da markarka. Kuma ka ɗaura wa ajiyar nan jan ƙyalle a zuciyarka, kada sabuwar waya ko ankon biki su kwance shi.

Lokaci ma haka yake. Wanda ya ce zai karance Littafi Mai Tsarki a shekara, surori 1,189 ne ke gabansa, wato uku ko huɗu kowace rana. Da rani dare yana da sarari, aiki da sauƙi. Da damina kuwa mutum zai dawo daga gona jiki duk ciwo, ya buɗe littafi barci ya sace shi a aya ta biyu. Mai hikima zai ƙara yawan karatunsa yanzu, don in Yuli ta rage masa, kada ya karaya ya watsar. Shugabannin zumunta ma su duba wannan in suna tsara ayyukan shekara. Taron da ke neman kuɗi da tafiya, a sa shi inda aljihu da gona za su bari. A cikin marka kuwa a sa ziyara, da gayya a gonar gwauraye da tsofaffi, gama lokacin ne aka fi bukatar ƙafafunku da hannuwanku.

Abu na ƙarshe: kada ku yi shirin nan ku kaɗai. Ku da ke gaban iyaye, ku tambayi Mama buhu nawa gidan yake ci, ku tambayi Baba nawa ake biya a Satumba. Za ku yi mamakin nauyin da suke ɗauke da shi shiru. Ku da ke shirin aure, kafin ku zaɓi launin anko, ku zauna ku yi wannan lissafi tare. Wanda kuka iya ƙirga buhu da shi ba faɗa, za ku iya zama da shi.

Bayan ruwan tsufana Allah ya yi wa Nuhu alkawari, a ƙarshen Farawa sura 8, cewa lokacin shuka da na girbi, sanyi da zafi, ba za su fasa zagayowa ba muddin duniya tana nan. Har yau bai saɓa ba. Hunturun nan zai wuce, bazara za ta zo, ruwa zai sauka, marka za ta kama, kaka kuma za ta biyo bayanta.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne Mai rani da damina. Ka ba mu hikimar ajiya a lokacin samu, da haƙuri a lokacin rashi. Ka tsare gidajenmu daga gobara da cuta, ka tsare gonakinmu da hanyoyinmu, ka komo da waɗanda aka kora zuwa ƙauyukansu lafiya. Kada ka bar hannunmu ya rufe ga mai sallama a ƙofa. Shirye-shiryenmu na bana muna ajiye su a gabanka. Wanda ya gamshe ka, ka tabbatar, wanda bai gamshe ka ba, ka sauya mana da mafi alheri. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.